Matafiya Sun Tambaya: Jirgi Ya Tafi, Kaya Sun Ɓace, Wa Za a Kama?

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga waɗanda suka fita hutu ƙasashen waje ne, suka dawo da takaicin kamfanin jirgi. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunayen kamfanoni, ga amsoshin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A watan Disamba na ɗauki iyalina, mu biyar, za mu hutu Masar. Jirgin da zai kai mu Legas daga Kaduna na ƙarfe 1 na rana ne, na waje kuma ƙarfe 9 na dare. Hazo ya hana na gida tashi sai bayan magariba, muka tarar an rufe kantar awon kaya da karɓar katin shiga jirgi. Kamfanin waje ya ce laifinmu ne, har tikitin dawowa ya soke. Na gida ya ce ba ruwansa. Wa zan kama?
Magidanci daga Unguwar Rimi

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Ba ka faɗa ba, amma yadda kowannensu ya zame ya nuna tikiti biyu ka saya, na Kaduna zuwa Legas daban, na Legas zuwa Masar daban. A nan gizo ke saƙar. Kowane tikiti yarjejeniya ce mai zaman kanta. Kamfanin gida ya yi alkawarin kai ka Legas ne kawai, bai san da wani jirgi da ke jiran ka ba. Kamfanin waje kuma ya yi alkawarin ɗaukar ka idan ka iso kanta kafin a rufe, kuma galibi awa ɗaya kafin tashi ake rufewa, wasu ma kafin haka. Da tafiyar gaba ɗaya tana kan tikiti guda, da kamfanin da ya makarar da ku shi zai nema muku kujera a jirgi na gaba ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Matsalar ita ce ba kasafai ake samun irin wannan haɗin daga Kaduna ba.

Soke tikitin dawowa kuwa ba mugunta wani ma'aikaci ya yi maka ba. Sharaɗin tikiti ne cewa a bi zangunansa a jere, kuma kwamfuta da kanta take share sauran da zarar an tashi ba a ga fasinja a zangon farko ba. Dabarar da ke ceton kuɗi ita ce kiran waya tun kana zaune a filin jirgin Kaduna. Da ka ga ƙarfe 4 ta yi jirgi bai sauka ba, sai ka kira kamfanin waje ko ejan da ya sayar maka da tikiti a ɗage tafiyar zuwa gobe. Wanda ya canza kafin a rufe kanta kuɗin canji da bambancin farashi zai biya. Wanda ya bari aka tashi babu shi zai biya tarar rashin zuwa a kan wannan, a tikiti mai arha ma yakan rasa komai.

Abin da ya rage maka yanzu ba shi da yawa, amma akwai. Ka rubuta wa kamfanin gida ya ba ka takardar shaidar jinkiri, mai lambar jirgin da lokacin da ya tashi. Ka haɗa ta da buƙatarka ga kamfanin waje cewa su sabunta tikitin a kan kuɗin tara. Ba dole ba ne a kansu, amma sukan sassauta idan akwai shaida. In sun ƙi, ka nemi harajin da ba a yi amfani da shi ba. Akwai kuɗin filayen jirgi da na gwamnatoci a cikin kowane tikiti, kuma akasari ana mayar da su ko da tikitin ba na mayarwa ba ne. Na mutum biyar ba ƙaramin abu ba ne. Daga wajen kamfanin gida, dokar kare fasinja ta Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta ba ku abin taɓawa bayan awa biyu da damar karɓar kuɗinku bayan awa uku, amma tun da kun hau jirgin, kuma hazo ne sanadi, kada ka sa ran zai biya maka tikitin Masar.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo, duk mai tashi waje daga Kaduna ya kwana a garin da jirginsa yake. Idan ta Abuja ce, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ko mota ana gobe tafiya. Idan ta Legas ce, a tuna cewa tashar jiragen gida da ta waje ba gini ɗaya ba ne, sai an karɓi kaya an shiga mota an bi cunkoso. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ka rasa ba.

TAMBAYA: Mun sauka Landan ni da 'yata, akwatina ɗaya bai fito ba. A ciki akwai atamfofi da lesuka na tsaraba, da maganin hawan jinina, da 'yan kunne na zinare. Wani ma'aikaci ya ce mu tafi za a kira mu. Bayan kwana shida aka kawo shi, taya ɗaya ta karye, zinaren babu. Ina da hakki kuwa?
Wata Hajiya daga Malali

AMSA: Hajiya, sannu da wannan ɗawainiya. Tambayar farko da kamfanin zai yi miki ita ce lambar rahoto. Idan bel ɗin da ke fito da akwatuna ya tsaya kayanki ba su fito ba, ba a barin zauren kaya sai an je teburin kayan da suka ɓata an cike takardar da ake kira PIR. Za a nemi ɗan sitikan da aka manna miki a bayan katin shiga jirgi ko fasfo lokacin awon kaya, wanda ke ɗauke da lambobi goma. Shi ne rasidin akwatinki, kuma mutane da yawa sukan ɓare shi su yar tun a cikin jirgi. Bayan an cike, za a ba ki lamba mai haruffa biyar da alƙaluma biyar: uku na filin jirgi, biyu na kamfani, sannan lambar fayil. Tun da har sun san inda za su kawo miki akwatin, da alama an buɗe fayil; ki duba takardar da direban ya kawo ko saƙon da suka turo, lambar tana nan.

Dokar da ke aiki a kan kaya a tafiyar ƙasa da ƙasa ita ce Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Birtaniya duk suke ciki. Kwanakinta a ƙirge suke, ba a yin afuwa a kansu. Lalacewar akwati ko ɓatan wani abu daga ciki: a rubuce, cikin kwana 7 daga ranar da aka karɓe shi. Asarar da jinkirin ya jawo: a rubuce, cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa miki. Akwatin da ya kai kwana 21 bai zo ba an ɗauka ya ɓace, sai maganar biya. Zuwa kotu kuma shekara biyu ce iyaka. Kiran waya ba ya cikin lissafi, cike PIR kaɗai ma bai wadatar ba. A tura imel ko a cike fom a shafin kamfanin, a ajiye shaidar turawa.

Iyakar abin da kamfani zai biya, tun daga 28 ga Disamba 2024, ita ce SDR 1,519, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dala dubu biyu. Wannan na kowane fasinja ne, ba na kowane akwati ba, kuma rufi ne, ba kyauta ba: abin da kika nuna shaidar kin yi asara shi za a duba, a rage kuɗin tsufa. Kayan sawa da man goge baki da maganin da kika sake saya a waɗannan kwanaki shida suna ciki, muddin akwai rasit kuma ba a wuce gona da iri ba. Gyaran taya ko sabon akwati ma haka, da hoton karayar.

Zinaren ne mai wuya, gara mu faɗa miki gaskiya. Sharuɗɗan kusan kowane kamfani sun ce kada a sa zinare, kuɗi, fasfo, magani ko waya a kayan awo, kuma da wannan za su fara kare kansu. Ki dai saka shi a buƙatarki tare da rasidin mai gwal idan yana nan, domin sharaɗin kamfani bai fi ƙarfin yarjejeniyar ba, amma ko sun amince ba za a wuce wancan rufin ba. Akwai hanyar ɗaga shi, wato bayyana darajar kaya a kanta kafin tafiya a biya ƙarin kuɗi, sai dai ba kowa ya san da ita ba. Magani kuwa, musamman na hawan jini da ciwon suga, a jakar hannu yake tafiya, cikin kwalinsa.

TAMBAYA: Ranar da za mu dawo daga Faris aka soke jirginmu muna kan layi, aka ce matsalar inji ce. Sai bayan kwana biyu suka sa mu a wani. Mu muka biya otal da abinci. Yanzu sun turo mana bauca ta Yuro 150 kowannenmu, mu huɗu, wai mu yi amfani da ita a tafiya ta gaba. In karɓa?
Malamin makaranta daga Barnawa

AMSA: Malam, kada ka danna komai tukuna. Abin da doka ta ba ku ya ninka wannan sau huɗu, kuma kuɗi ne, ba bauca ba.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga filin jirgin wata ƙasar Tarayyar, ko kamfanin na wace ƙasa ne, ko fasinjan ɗan ina ne. Diyyar gwargwadon nisa take: Yuro 250 zuwa kilomita 1,500, Yuro 400 zuwa 3,500, Yuro 600 ga abin da ya haura haka. Faris zuwa Abuja ta haura kilomita 4,000, saboda haka Yuro 600 ne kowane mai tikitin da aka biya, har yara. Ku huɗu, Yuro 2,400. Ana binta idan an soke jirgi ba tare da sanarwar kwana 14 ba, ko aka isa zangon ƙarshe da jinkirin awa uku ko fiye. A tafiya mai nisa irin taku, jinkirin da bai kai awa huɗu ba ana iya raba diyyarsa biyu. Ko da kun canza jirgi a wata ƙasa a hanya, in dai tikiti ɗaya ne daga Faris, lokacin isowarku Najeriya ake dubawa.

Kamfani yana kuɓuta ne kawai idan abin da ya faru ya fi ƙarfinsa, kamar guguwa, rufe sararin samaniya ko yajin aikin masu kula da zirga-zirgar jirage. Lalacewar inji ta yau da kullum ba ta cikin wannan. Kotun Turai ta yanke haka tun 2008. Shi ya sa yake da amfani a samu dalilin sokewa a rubuce tun ranar, ko a ɗauki hoton saƙon da suka turo, domin bayan wata uku matsalar inji takan rikiɗe ta zama "dalilan da suka fi ƙarfinmu".

Otal da abinci da motar zuwa da komowa filin jirgi kuma lissafinsu daban. Waɗannan wajibi ne a kan kamfani ko da guguwa ce ta hana tashi. Tun da ku kuka biya, ka tura rasidai su biya ku a kan diyyar. Otal matsakaici suke amincewa da shi, ba na alfarma ba.

Ka rubuta musu gajeriyar wasiƙa: lambar jirgi, kwanan wata, lambobin tikiti huɗu, lokacin da ya kamata ku iso da lokacin da kuka iso, sunan dokar, adadin kuɗin, da cewa ba ka amince da bauca ba. Dokar ta ce ba a biyan diyya da bauca sai da sa hannun fasinja, kuma wasu baucocin suna ɗauke da ƙaramin rubutu cewa wanda ya karɓa ya yafe sauran. Akwai kamfanonin da ke bin irin wannan kuɗi a madadin fasinja su yanki kasonsu, wanda kan kai kashi ɗaya cikin uku. Ka fara gwadawa da kanka.

Sauran masu karatu su lura da juyin wannan. Daga Abuja ko Legas zuwa Turai, dokar tana aiki ne kawai idan kamfanin na Tarayyar Turai ne. Birtaniya tana da irin tata tun bayan ficewarta, mai fam 220, 350 da 520. Wanda kuma jirginsa ya makale a Gabas ta Tsakiya ko Gabashin Afirka da kamfanin can, a tafiyar da ba daga Turai ta faro ba, ba shi da wannan tsayayyar diyya. Abin da yake da shi shi ne Montreal, wadda ke biyan asarar da aka tabbatar da rasit, har zuwa SDR 6,303.

TAMBAYA: Ina da bizar ƙasar da zan je a Kudancin Amurka, tikitina ta Frankfurt ya bi. A Abuja suka hana ni hawa wai ba ni da bizar ya da zango, alhali awa huɗu kawai zan yi, ba zan fita daga filin jirgi ba. Wannan ba zalunci ba ne?
Ɗan kasuwa daga Tudun Wada

AMSA: Alhaji, a wannan karon kamfanin ne da gaskiya. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar ya da zango a filayen jiragen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ciki har da Jamus inda Frankfurt take, ko da ba za su taka waje ba, tare da Gana, Habasha, Pakistan da wasu. Ana ɗauke wa mai bizar Shengen, ko ingantacciyar bizar Amurka, Kanada ko Japan. Birtaniya ma tana da irin wannan sharaɗi a kanmu. Ma'aikacin kanta ba ra'ayinsa yake bi ba. Yana shigar da fasfo da hanyar tafiya a kundin Timatic na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, abin da ya fito shi ne hukunci. Idan ya yi kawaici ya bar ka, kamfanin ne zai sha tara ya kuma dawo da kai da kuɗinsa. A Birtaniya fam 2,000 ce kan kowane fasinja. Babu diyya a nan, domin takardun tafiya nauyin fasinja ne. Wanda za ka yi wa magana shi ne ejan da ya zaɓa maka hanyar bai duba ba. Kafin biyan kuɗin tikiti mai arha a tambayi inda zai tsaya, a duba cewa fasfo yana da sauran wata shida, katin rigakafin shawara kuma yana hannu.

TAMBAYA: Kamfani ya soke tafiyarmu tun muna gida, muka ce a dawo mana da kuɗi. Wata uku ke nan ejan yana cewa kamfani bai biya ba, kamfani yana cewa mu koma wajen ejan. Na gaji da zarya.
Ma'aikaciyar jinya daga Kawo

AMSA: Malama, kamfanin bai yi ƙarya ba a kan abu ɗaya: kuɗi ta hanyar da suka shigo suke komawa, saboda haka idan ejan ya yanki tikitin, asusunsa za a mayar wa. Abin da kike buƙata shi ne ki gano a hannun wa suke yanzu, kuma akwai hanya.

Ki duba takardar da ejan ya ba ki. Akwai lamba mai haruffa da alƙaluma shida, wannan ta riƙe kujera ce kawai. Akwai kuma lambar tikiti mai alƙaluma 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfani: 071 na Ethiopian ne, 235 na Turkish, 157 na Qatar, 125 na British Airways. Idan babu mai 13 ɗin, to mai yiwuwa ba a taɓa yankar tikiti ba, kujera aka riƙe, kuɗinki ba su bar hannun ejan ba tun farko. Idan tana nan, ki kai ta ofishin kamfanin ko ki tura imel ki tambayi matsayin tikitin. Amsa ɗaya ce cikin biyu: ko yana buɗe, ma'ana ejan bai ma nemi a mayar ba, ko an mayar, da kwanan wata. Ki nemi su rubuta miki, ki kai wa ejan. Yawancin zaryar a nan take ƙarewa.

Idan kamfanin ne ya riƙe, dokar NCAA kwana 14 ta ba shi. Ki shigar da ƙorafi a sashen kare fasinja na hukumar, ta shafinta na intanet ko wajen jami'anta da ke filayen jirgi, da kwafin tikiti da rasidin biya da saƙon sokewa. Idan ejan ne, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, akwai kuma ƙungiyarsu ta NANTA in mamba ne. Tun da kamfani ne ya soke, cikakken kuɗin tikiti ake mayarwa, ba a yankar tara. Ladan aikin ejan ne kawai yake iya riƙewa, shi ma in an yi da shi tun farko.

TAMBAYA: An ƙwace min kilishi da man shanu a filin jirgin Turai, a nan gida kuma sun caje ni kuɗin ƙarin kaya alhali jimillar akwatunana biyu ba ta kai kilo 46 ba.
Ɗaliba daga Unguwar Dosa

AMSA: 'Yar uwa, kilishin ba kamfanin jirgi ya ƙwace ba, kwastan ne. Tarayyar Turai da Birtaniya sun hana shigo da nama da kayan madara a kayan fasinja daga ƙasashe irin tamu, busasshe ko ɗanye, Amurka ma ta hana naman. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji ba su cika samun matsala ba, a dai bayyana su in an tambaya. Mai zuwa Saudiyya kuma ya bar goro a gida.

Maganar awo, yawancin kamfanoni akwati-akwati suke lissafi, ba jimilla ba. Biyu masu kilo 23 aka ba ki. Ɗaya mai 28 da ɗaya mai 15 na nufin na farkon ya wuce da kilo biyar, kuma za a caje shi ko da ɗan'uwansa rabi ne. Da kin ja gefe kin kwashe kilo biyar ɗin kin zuba a ɗayan, da ba ki biya komai ba, kuma suna barin a yi hakan. Akwatin da ya haura kilo 32 kuwa ko da kuɗi ba a karɓar sa sai an rage, saboda masu ɗaga shi. A auna a gida, a bar rarar rabin kilo, domin sikelin gida da na kanta ba sa cika yin daidai.